Akushin Aro daga Tailan

Kawuna, yayan mahaifiyata, ba da ido yake sayen kaya ba, da tafin hannu yake saye. Ka miƙa masa kwano, ko buta, ko agogon bango, ba zai dubi aikin da ke jiki ba. Zai ɗora a hannu ya ɗan jijjiga, in ya ji nauyi ya ce kaya ne, in bai ji ba ya ce iska ce. Da wannan ilimi ya gina gidaje a Kano, ya je Makka har aka gaji da yi masa rakiya, kuma da shi yake yi wa mutane wa'azin kasuwanci duk lokacin da aka zauna cin abinci a Xiaobei, unguwar da mutanenmu ke taruwa a Guangzhou. Shi ya kawo ni Guangzhou, shi ya tsaya mini har na samu takardu, saboda haka in ya ce iska ce nakan ce gaskiya ne, Kawu.

Sana'ata a garin nan ita ce wadda mutanenmu ke kira ejan. In tarbi ɗan kasuwa, in kai shi masauki, in yi masa tafinta, in bi shi kasuwar Zhanxi Lu in takalma yake so, in tsaya a kan kayansa har kwantena ta bar tashar jiragen ruwa ta Nansha. Amma tsokar aikin ita ce kai samfur. Mutum zai ga abu a hannun wani, ko a shagon maƙwabcinsa a gida, ya sayi guda ɗaya ya cusa a jaka, ya zo ya ce in kai shi kamfanin da za su buga masa irinsa sak, amma da araha. Na kai samfur ɗin hula, na kai na carbi, na kai na faifai, har ludayin duma na taɓa kaiwa aka zuba shi da roba. Ba ma ce masa sata. Wayo muke cewa, kuma wanda ya fi iya shi ne ake matsa wa wuri a sahun gaba.

A shekarar da zan ba da labarinta Kawu ya zo neman kayan kicin na amare, ya kuma daidaita zuwansa da babban baje kolin da ake yi a garin. Kwana uku muna zagaya zauruka masu faɗin unguwa, yana ɗaga kuloli yana jijjigawa, ina biye da shi da jaka. A rana ta uku muka faɗa ɓangaren da ake ba baƙi 'yan wasu ƙasashe rumfuna. Can a lungu, kusa da inda masu shara ke ajiye tsintsiya, akwai wata rumfa mai tebur biyu kacal, an jera wasu baƙaƙen kwanuka masu murfi, da farantai, da ƙananan akwatuna. Baƙinsu yana sheƙi, cikinsu ja, jikinsu da zanen zinariya. Ni dai da na gan su akushi ne ya faɗo mini a rai, kuma da sunan nake kiran su har yau.

Ba akushin ne ya tsayar da Kawu ba. Wasu Hajiyoyi uku ne, biyu 'yan Kano ɗaya 'yar Maraɗi, da ya ga sun tsaya suna shafawa suna tambayar juna. Kawu yana da karatu ɗaya da bai taɓa kayar da shi ba: inda Hajiya ta tsaya nan kasuwa take. Ya bari suka wuce, ya matsa ya ɗauki guda ya ɗora a hannu. Ya taɓe baki.

"Iska ce," ya ce. "Tambaye ta wace irin roba ce wannan."

Mai rumfar mace ce 'yar Tailan, za ta haura hamsin, gajera, gashinta a yanke da furfura jefi-jefi, tabarau na rataye a wuyanta. Turancinta gurgu ne kamar nawa, don haka muka fahimci juna da wuri. Na tambaye ta, ta yi murmushi ta ce ba roba ba ce, gora ce. Na faɗa wa Kawu. Ya ce in gora ce ai gara robar, ya ajiye, ya ce zai je ya nemi shayi in jira shi a nan.

Da na rasa abin yi sai na tambaye ta yadda gora ke zama haka. Ban tambaya don ina so in sani ba, ƙafata ce ke ciwo, kuma na ga kujera a gefenta. Ita kuwa sai ka ce shekara ta yi tana jiran mai tambaya. Ta ce ana tsaga gora siriri-siriri a naɗe ta a fitar da siffar kwanon. Sannan a shafe shi da danƙon wata bishiya da ake tsagawa a tara ruwanta, a gauraya da toka don ya toshe ramuka. A kai shi ɗaki mai laima a rufe, domin danƙon ba ya bushewa a rana, sai a cikin danshi. Bayan kwanaki a fito da shi a goge, a sake shafawa, a mayar. Haka za a yi ta yi, shafi a kan shafi, wata da watanni. Ta janye hannun rigarta ta nuna mini tabo a damtsenta, ta ce ɗanyen danƙon yana fesar da ƙuraje, duk wanda ya koyi aikin sai ya sha ƙaiƙayi kafin jikinsa ya saba.

Zanen kuma na wani ne daban. Mai zane zai rufe duk inda ba a son zinariya da wani ruwa mai yauƙi, ya shafa danƙo kaɗan, ya lulluɓe kwanon da zinariyar da aka daka ta fi ɓawon albasa siranta, sannan ya wanke da ruwa. Abin da ya rage a jiki shi ne zanen. Ta ce a unguwarsu, can arewacin ƙasarsu, haka aikin yake a rabe tun kakanni: gidan masu naɗa gora daban, gidan masu shafi daban, gidan masu zane daban. Ita mai shafi ce, ba ta iya zane ba. Da tana yarinya kowane gida ka shiga warin danƙo ne zai tarbe ka. Yanzu gidajen da suka rage ba su kai yatsun hannu biyu ba, mai zane kuwa saura tsoho ɗaya. Ƙungiyar unguwar ce ta haɗa mata kuɗin jirgi ta zo ko za a samu mai ba su babban aiki, yara su ga akwai ci a sana'ar su zauna.

Ina jin ta sai na tuna akushin kakana, wanda kakata ke shafe shi da man shanu har ya yi baƙi ƙirin, ba mai taɓa shi sai mai gida. Da langa ta shigo gidan aka sauke shi, da roba ta shigo kaji suka gaje shi. Ban ga wanda ya yi masa kuka ba, har da ni. Mu mutane ne da ke yar da namu, sannan mu hau jirgi mu je mu raina na wasu.

A bayanta, a kan wani ɗan akwati, akwai akushi guda da ba ta sa a tebur ba. Ya fi sauran girma, baƙinsa kuma ya fi zurfi. A jikinsa zanen ganye ne mai naɗewa, a kan murfin kuma tsuntsaye ne a cikin reshe, ƙanana, kowanne da yadda ya karkata wuyansa. Na nuna shi da hannu. Ta ce wannan ba na sayarwa ba ne, mahaifiyarta ce ta zana shi, ita 'yar gidan masu zane ce da aka auro gidan masu shafi. Ta rasu da daɗewa. Ta zo da shi ne don mutane su ga iyakar abin da unguwarsu za ta iya.

Daidai nan Kawu ya dawo yana sakace. Ya bi hannuna da kallo.

"Wancan fa?"

"Ba na sayarwa ba ne, Kawu. Na mahaifiyarta ne."

"Ai shi ya sa ya fi kyau. Ce mata ta ba mu aro kwana biyu. Ka ce za mu nuna wa abokan cinikinmu, in sun yarda mu ba garin nasu oda mai yawa."

Babu wasu abokan ciniki. Kawu ko da ɗan cikinsa ba ya haɗa jari. Na san inda akushin za shi kamar yadda na san hanyar masaukina. Na dube ta, ta sa tabarau tana kallon bakinmu, tana jiran in juya mata abin da babban mutum mai babbar riga ya ce. Na juya mata. Ban tsaya a nan ba, har gishiri na ƙara, don tafinta da ba ya ƙara gishiri ba ya daɗewa a aikin. Na ce Kawu babban ɗan kasuwa ne, kwantena yake yi ba kwali ba, in ya sa hannu a abu unguwarsu sai ta nemi ƙarin ma'aikata. Ta ce mu ɗauki ɗaya daga na tebur mana. Kawu ya ce a'a, manya ba sa kallon ƙaramin aiki.

Ta juya ta ɗauko akushin. Sannan ta ce mini, "Mista, kai zan ba, ba shi ba. Kwana uku ina nan, kai kaɗai ka tambayi yadda ake yi." Ta naɗe shi a wani farin ƙyalle, ta ƙulle, ta miƙo mini da hannu biyu tana ɗan sunkuyar da kai. Ta ce kada a bar shi a rana, kuma jibi da yamma take haɗa kayanta. Ta ba ni katinta. Na ce kada ta damu, Mama, a hannuna zai kwana a hannuna zai tashi.

Washegari muka ɗauki mota zuwa wani kamfanin roba a wajen gari, tafiyar awa biyu. Mai kamfanin, wanda muke ce wa laoban kamar yadda ake ce wa kowane mai gida a can, ya san Kawu, ya tarbe mu da shayi a ƙananan kofuna. Na kwance ƙyallen. Laoban ya goge hannunsa a wando kafin ya taɓa, abin da ban taɓa gani ya yi wa wani samfur ba. Ma'aikatansa suka auna tsawo da faɗi da kauri, suka ɗora akushin da murfin a ƙarƙashin wata na'ura da ta kwashe zanen tsaf ta zuba a kwamfuta. Raina ya ɗan kwanta. Na ce a zuciyata satar zane ce kawai, zan mayar mata da kayanta lafiya, ba za ta taɓa sani ba. Har wannan na ɗauka mutunci ne.

Kawu ya zauna gaban kwamfutar yana ba da umarni ina juyawa. A ƙara kauri. A ƙara nauyi, ninki uku, don Hajiya ta ji ta sayi abu. A yi saiti biyar-biyar, daga babba zuwa ƙarami. Da aka buɗe hoton murfin sai ya sha mur.

"Waɗannan tsuntsayen a cire su. Hoton abu mai rai ne, malamai za su yi magana, mala'iku ba sa shiga ɗakin. A sa fulawa, babba guda ɗaya a tsakiya."

Mutumin da ya sa aka yi wa baƙuwa ƙarya jiya don a raba ta da kayan uwarta, shi ne yau yake tsoron kada tsuntsun zinariya ya kore masa mala'iku. Na juya wa laoban maganar kalma da kalma. Ma'aikacin ya danna wani abu, tsuntsayen suka ɓace daga allo, wata ƙatuwar fulawa irin ta zanen gado ta zauna a wurinsu.

Da nan aka tsaya da da sauƙi. Amma Kawu yana da gwajin da yake yi wa kowane kayan kicin kafin ya ba da oda, yana kiran sa gwajin uwargida. Hujjarsa ita ce matan gida ba sa lallashin kwano. In an ci tuwo da miyar kuka, soson ƙarfe za a sa da garin sabulu a dirje, saboda haka duk kwanon da bai jure soson ƙarfe ba za a dawo masa da shi shago. A kan robarsa da tasarsa gwajin yana da ma'ana, ban musa ba. Ya ce laoban ya kawo ɗaya daga cikin kwanukan kamfanin masu fenti, da soso, da ruwa. Ya dirji na kamfanin, fentin bai motsa ba. Ya gyaɗa kai. Sannan ya miƙa hannu ya jawo murfin akushin.

"Kawu, na aro ne," na ce.

"To cinye shi zan yi? So nake in ga wanne ya fi."

Abin da na faɗa ke nan, kalma huɗu, kuma a hankali na faɗe su. Ina da shekara arba'in a lokacin, da mata da 'ya'ya, ina jin yare huɗu, amma ban iya miƙa hannu na karɓe murfi daga hannun tsoho ba. Laoban ne ma ya ɗaga hannu ya yi wata 'yar ƙara a maƙogwaro. Kawu ya tsoma soson a ruwa ya hau dirza, da ƙarfin mai wanke tukunyar biki. Ruwan ya fara ƙyalli. Kafin a ce me, tsakiyar murfin ta zama baƙi fes, duk ƙarce-ƙarce, babu reshe babu tsuntsu, sai ɗan abin da ya rage a gefe-gefe. Ya ɗaga shi ya nuna wa kowa, fuskarsa cike da nasara.

"Ka gani ko? Jabu ne. Wata da watanni suna shafe-shafe, soso ɗaya ya tona musu asiri. Namu zai fi nasu."

Ya yarda da abin da ya faɗa, wannan ne abin da har yau nake kasa haɗiyewa. Ba mugunta ce ta sa shi ba. Da mugunta ce da na san inda zan ajiye ta. Shi a ransa ya kama macuciya ne, ya kuma ceci matan Kano daga asara. Laoban ya kau da kai yana gyara kofunan shayin da ba su buƙatar gyara. Ni na ɗauki murfin na goge shi da ƙyallen, ƙurar zinariya ta maƙale a farcena.

A mota na ce, "Kawu, me zan ce mata?"

"Wa ya ce ka koma? Gobe za ta tafi. In ka ga dama ka ba masu gadi su miƙa mata. Kai matsalarka kunya, kuma mai kunya ba ya kasuwa."

Ya jingina ya yi barcinsa, ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. Ni kuwa na yi ta juya shawararsa, kuma ba zan ɓoye ba, ta yi mini daɗi. Da safe har na shirya in ba wani direba ya kai. Abin da ya hana ni ba tsoron Allah ba ne kaɗai, na tuna ta san fuskata, garin kuma duk girmansa baje kolin guda ne. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da ƙunshin a cinyata.

Na same ta tana naɗe kaya a takarda. Teburin kusan yadda muka bar shi yake, ba a sayi abin kirki ba. Da ta hango ni fuskarta ta washe, ta tambaye ni me abokan cinikin suka ce tun kafin in ajiye. Na ajiye ƙunshin. Ta kwance. Na tsaya ina jiran ihu, don ihu na sani, a Xiaobei kullum ana yi, a yi zagi a ci kwala a rabu. Ba ta yi ba. Ta sa tabarau, ta ɗaga murfin wajen haske, ta bi ƙarce-ƙarcen da babban yatsa a hankali.

"Da me?" ta ce.

Na faɗa mata. Ban san sunan soson ƙarfe da Turanci ba, sai da na kwatanta da hannu, kamar mai wanke-wanke.

"Don me?"

"Don ya ga ko yana da ƙarfi."

Ta juya murfin ta duba ciki, ta ƙwanƙwasa da farce. Ta ce baƙin bai huje ba, shafin mahaifinta ne, ƙarce-ƙarcen ita da kanta za ta iya gogewa ta sake shafawa. Sai ta ce, "Babu abokan ciniki ko?" Na ce babu. Na gaya mata sauran, kamfanin da na'urar da ta kwashe zanen, domin ƙarya ta ƙare mini. Ta zauna a kujerar da na zauna shekaranjiya. Kunya ta ishe ni har na rasa inda zan sa idona, na yi ta kallon tsintsiyar masu shara.

Da ta sake magana, ba zagi ba ne, roƙo ne, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce tsohon mai zanen unguwarsu zai iya mayar da zinariyar, amma sai ya ga zanen a gabansa, layi da layi, don hannun mahaifiyarta daban yake da na kowa. Ta buɗe wayarta ta nuna mini hotunan da take da su. Duk daga gefe aka ɗauka, akushin yana kan kanta a bayan mutane ranar wani biki, murfin bai fito ba sai ɗan ƙyalli. Ta ce ba ta taɓa tunanin ɗaukar hoton murfin ba, abin da ke gida kullum. Ni ma da wayata ke cike da hotunan silifa da bokiti ban ɗauka ba. Wuri ɗaya tak zanen ya rage a duniya, cikin kwamfutar laoban. Ta ce in samo mata shi, ba ta neman komai bayan wannan. Na yi mata alkawari, ni da alkawarina na farko yake kwance a gabanta.

Na kira laoban tun ban fita daga zauren ba. Ya ce zanen yanzu na kwastoma ne, sai da izinin Kawu. Na sami Kawu a gidan abinci yana cin shinkafa da naman rago, na durƙusa a gefensa na yi masa bayani da muryar da ake roƙon iri.

Ya ajiye cokali. "Kana da hankali kuwa? In ba ta dizayin ɗina? Ta kai wa wani ya buga, kafin kayana su isa Kano an cika kasuwa da shi? Ai mutanen nan ba su da amana."

Mutum uku ne a teburin, duk suka gyaɗa kai, ɗaya ya ce wallahi Alhaji ya yi gaskiya, sai an yi hattara da su. Ban yi dariya ba, ban kuma tashi na bar masa aikinsa ba, wanda shi ya kamata ɗan halak ya yi. Na ce to, Kawu. Bayan ya koma gida na sake zuwa kamfanin da kaina, na sha shayi kofi uku ina zagaye-zagaye kafin na fito da maganar. Laoban ya kira ma'aikacin, suka duba, ya dawo yana kaɗa hannu ya ce meiyou, wato babu. Sun ajiye wanda aka gyara a kan na asalin, na asalin mai tsuntsayen ya goge. Ko gaskiya ya faɗa ko tsoron Kawu yake, ban sani ba.

Bayan wata biyu kayan suka fito. Na je sito na buɗe kwali. Ga su nan saiti-saiti, baƙi mai ƙyallin leda, ruwan zinariyar ya yi rawaya kamar an zuba kurkum, kowanne da nauyin da zai fasa wa mutum yatsa in ya faɗo. Zanen ganyen jiki yana nan, an buga shi daidai, a murfi kuma fulawar zanen gado. Kawu ya sa an rubuta a kwalin wai aikin hannu ne na Tailan. An ce mini sun ƙare a kasuwa kafin kwantena ta biyu ta taso, har wani maƙwabcin shagonsa ya sayi saiti ɗaya ya aiko wa ejan ɗinsa samfur. Kawu ya kira ni yana kumfar baki a kan lalacewar zamani da rashin tsoron Allah na 'yan kasuwar yanzu.

Na zare guda ɗaya daga kwalin, mafi girma, na aika mata ta adireshin da ke katinta. Ban san abin da nake so ya yi mata ba. Ina jin na gaya wa kaina ne cewa ko banza tsohon zai ga yadda reshen gefen murfin ya tashi, tunda wannan ba a taɓa shi a kwamfutar ba. Gaskiyar ita ce so nake in ce na yi wani abu. Tun ranar rumfa ban gaya mata an goge tsuntsayen daga allo ba, na bar ta tana zaton suna can a ajiye, kuma a 'yar takardar da na sa cikin kwalin ma ban faɗa ba. Na rubuta cewa wannan ne abin da na iya samu.

Saƙonta ya shigo wayata bayan mako uku, da hantsi, ina tsaye a bakin sito ana loda wata kwantenar Kawu. Hoto ne. Murfin mahaifiyarta a kan tabarma, ta goge shi ta sake shafawa, baƙi sumul babu ko ƙarce ɗaya, tsakiyarsa fayau. Kusa da shi murfin robar da fulawarsa. A gefe ana ganin hannun wani tsoho riƙe da siririn buroshi. A ƙasa ta rubuta cewa kwalin ya iso, ta gode, tsohon ya shirya, idonsa ne kawai yake raguwa don haka suna so su fara da wuri. Sai layi na ƙarshe: "Mista, yaushe za ka turo tsuntsayen?"

Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Mai lodi ya leƙo daga cikin kwantenar ya ce in zo in duba ko a sa manyan kwalayen a ƙasa. Na sa wayar a aljihu na tafi. Saƙon yana nan har yau, ban amsa ba, kuma har yau ni nake tarbar Kawu a filin jirgi.